Hanyar Zama Maƙerin Fasaha: Me Za Ka Koya, Wa Zai Koya Maka

Akwai maƙerin da ke ƙera abin da za a yi aiki da shi, in ya dakushe a wasa, in ya ƙare a jefar. Akwai kuma wanda ke ƙera ƙyauren da mai wucewa zai ja ya tsaya kallo, ko makarin matakala da hannu ke jin daɗin shafa, ko ganyen ƙarfe da za ka rantse iska za ta kaɗa shi. Na biyun nan shi ne maƙerin fasaha. Wutarsu ɗaya, masaɓarsu ɗaya, uwar maƙera ɗaya. Abin da ya raba su shi ne na biyun ya horar da idonsa kamar yadda ya horar da hannunsa. Wanda ya iya duka bai iya zane ba, zai ƙare yana kwaikwayon aikin wasu. Wanda ya iya zane bai san halin ƙarfe ba, zai yi ta zana abin da ba ya ƙeruwa. Duk shawarar da ke tafe a kan wannan ta ginu: a koyi biyun tare, tun daga makon farko.

Kafin ka sayi ko da ƙusa

Kada ka fara da sayen kaya. Nemi maƙerar da za a bar ka ka yi kwana biyu ko uku, ko wani gajeren horo na masu farawa, ka riƙe masaɓa, ka sha zafi, ka ji yadda kafaɗa da kunne suke da yamma. Mutane da yawa kallon tartsatsi a bidiyo suke so, ba tsayuwar awa shida a gaban wuta ba, kuma gara mutum ya gane haka tun bai tara kayan da za su yi tsatsa a lungu ba. Sana'ar ba ta neman ƙato. Mata da yawa sun yi suna a cikinta, domin zafi ne ke tausasa ƙarfe, saiti kuma ke tafiyar da shi, ƙarfin damtse na uku ne.

A waɗannan kwanakin ne za ka koyi kare kanka, kuma wannan darasi ba a ɗage shi. Tabarau na kariya ba ya barin ido muddin ana aiki, domin ɓawon da ke tashi daga jikin ƙarfe mai zafi ba ya sallama. A toshe kunne, saboda ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana cin ji a hankali in an daɗe a cikinta, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Tufafi su zama na auduga ko fata, ban da nailan, wanda ke narkewa ya manne a jiki. Wuri ya zama mai shan iska, domin gawayi da kwal da gas duk suna fitar da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kada ka taɓa sa ƙarfen da aka shafe da tutiya a wuta, irin bututun ruwa mai fari-fari: hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Kuma kada a sa safar hannu kusa da injin da ke juyawa.

Wanda ya fi ƙona masu koyo kuwa ba jan ƙarfe ba ne, ai kowa na tsoronsa. Baƙin ne. Ƙarfe yana iya kai digiri 400 a ma'aunin Salshiyas alhali a ido ba shi da bambanci da mai sanyi. Ni da kaina na ɗauki guntun da aka yanke ya faɗi ƙasa, a makona na biyu, kuma har yau tabon na nan a babban yatsa. Tun daga ranar nake kai bayan hannu kusa da ƙarfe in ji huci kafin in kama.

Koyon karanta wuta

Maƙeri ba ya yawo da ma'aunin zafi, launi yake karantawa. Ja mai duhu yana wajen digiri 650 zuwa 700. Ja jawur wajen 800. Ruwan goro wajen 950 zuwa 1000, rawaya wajen 1100, in ya doshi fari ya kai 1300. Ƙarfen da za ka koyi aiki da shi, mai laushi wanda kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.25 cikin ɗari ba, ya fi tafiya a tsakanin ruwan goro da rawaya. Da ya sauko ja mai duhu, a mayar da shi wuta. Ci gaba da dukansa a nan wahalar da hannu ne kawai, kuma yana iya tsaga shi. In ka ga yana fesar da taurari farare tun yana cikin wuta, ka ƙone shi, wurin ya lalace sai yankewa. Saboda karatun launi ne ake son maƙera da ɗan duhu, domin a tsakiyar rana ƙarfe mai rawaya sai ya yi maka kamar ja.

Ka san kuma abin da ba ya ƙeruwa. Ƙarfen zubi, wanda kabon ɗinsa ya haura kashi 2 cikin ɗari, farfashewa yake yi a ƙarƙashin masaɓa komai zafinsa. Rodin gini kuma ba ka san abin da aka haɗa a cikinsa ba, wani ya yi laushi wani ya karye. Mai koyo ya nemi sabon ƙarfe mai laushi, mai kusurwa huɗu, milimita 10 ko 12, domin in abu ya ɓaci ya san laifin hannunsa ne ba na ƙarfen ba.

Kula da wutar ma darasi ne mai zaman kansa. A wutar gawayi ko kwal, can ƙasa kusa da bakin zuga-zugi iska ta yi yawa, tana cin ƙarfe ta mai da shi ɓawo. A ɗan sama, tsakiyar garwashi, nan ne wurin kwanciyar aiki. A riƙa cire kashin maƙera kafin ya toshe iska. Wanda aka sa shi zuga na watanni yana ganin an raina shi, alhali karatun wuta ake ba shi.

Tsini, sannan tsini, sannan tsini

Darasin farko a kusan kowace maƙera shi ne fitar da tsini, kuma zan daɗe a kansa domin rabin sana'ar na cikinsa.

Daidaita uwar maƙera tukuna: ka tsaya, hannu a sake, ka dunƙule shi, fuskarta ta taɓa gaɓoɓin yatsunka. Masaɓa mai nauyin kilo ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan ta isa. Masu farawa suna son babba, sai gwiwar hannu ta kama ciwo cikin wata guda. Riƙe ƙotar sakwa-sakwa, kada ka ɗora babban yatsa a bayanta, ka ɗaga sama sosai ka bar nauyinta ya faɗo.

Ciro ƙarfen yana rawaya. Kai bakinsa gefen uwar maƙera na nesa da kai, ka ɗan ɗaga hannun da ke riƙe da shi, ka karkata fuskar masaɓa daidai da wannan kwana. Buga biyu ko uku, juya shi kwata, buga biyu ko uku, mayar da shi yadda yake. Fuska biyu kawai kake duka, uwar maƙera na yi maka sauran biyun daga ƙasa. Ka fara daga can bakin, ka yi gajeren tsini tukuna, sannan ka riƙa ja baya kana tsawaita shi. In ka fara daga baya, bakin zai buɗe kamar na kifi, ya naɗe, ya bar tsaga a ciki. In juyinka bai cika kwata ba, kusurwa huɗun za su goce su zama kamar lu'ulu'u, gyaransa kuwa shi ne ka tsayar da shi a kan kusurwar da ta fi tsawo ka danna ta. In zagayayyen tsini kake so, hanya ɗaya ce: kusurwa huɗu tukuna, ka doke kusurwoyin su zama takwas, takwas su zama 16, sannan ka mulmula. Wanda ya nemi zagaye kai tsaye zai farfasa cikin ƙarfen.

Yi guda 50. Jera su a ƙasa bisa yadda ka yi su, ka duba. Na farkon sun ci wuta biyar ko shida kowanne, jikinsu duk sawun gefen masaɓa. Wajen na 30 za ka ga sun fara kama da juna. Ranar da ka fitar da tsini mai santsi a wuta ɗaya, sau uku a jere, tsawonsu ɗaya, ranar ka shiga sana'a. Daga nan sai ka lanƙwasa tsinin a ƙahon uwar maƙera ya zama ƙugiya, ka faɗaɗa ɗaya bakin ka huda gurbin ƙusa.

Na san abin da zuciya ke so: wuƙa da takobi. A haƙura da su. Wuƙa yawancinta aikin wasawa ne da gogewa, ba ta koya wa hannu tafiyar da ƙarfe yadda ƙugiya ɗari za su koya masa.

Sauran ayyukan hannu, da ƙera kayan aikinka

Duk wani ƙyaure da ya taɓa burge ka, in ka warware shi, ayyuka kaɗan ne aka maimaita. Akwai jan ƙarfe ya yi tsawo ya sirance, wanda tsini ya koya maka. Akwai kishiyarsa, dunƙule shi ya gajarce ya yi kauri, ta hanyar zafafa wuri ɗaya kawai a buga daga kai. Akwai lanƙwasa, da murɗa, da yanka ko tsagawa da kurfi, da huda da madoshi sannan a faɗaɗa hudar. Huda da zafi ta bambanta da ta inji: inji yana cire nama ya zubar, madoshi kuwa ture shi yake gefe, sai sandar ta kumbura a kewayen ramin. Wannan kumburin ƙarfi ne, ado ne kuma, shi ne sa hannun maƙeri da walda ba ta iya kwaikwaya.

Na ƙarshe shi ne haɗa ƙarfe biyu da wuta kaɗai. A dunƙule bakunan a fiƙe su a karkace, a barbaɗa farin garin nan da ake kira boraks suna ruwan goro domin ya narkar da ɓawon, a kai su dab da fari, a ciro a haɗa da bugu mai sauƙi da sauri, sai sun kama sannan a ƙara ƙarfi. Za ka faɗi sau da yawa. Wannan aiki ne da ya fi kyau a koya da malami a tsaye kusa, domin sakan biyu ne tsakanin bai kai ba da ya ƙone.

Hanya mafi kyau ta koyon duk waɗannan ita ce ƙera kayan aikinka. Awartaki guda ɗaya yana ɗauke da ja da faɗaɗawa da huda da ɗaure ƙusa, ga kuma tilas ɓangarorin biyu su fito iri ɗaya. Kurfi da madoshi su za su shigar da kai ilimin taurara ƙarfe. Ana yin su da ƙarfe mai kabon da yawa, irin sifirin ɗin mota mai wajen kashi 0.6 cikin ɗari. Bayan ƙira, ka zafafa shi ka bar shi ya huce a iska domin jikinsa ya daidaita. Ka sake zafafa bakin har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsoma a mai. Yanzu ya yi tauri, amma yana iya fashewa kamar gilashi. Goge shi ya yi haske, ka ɗumama daga baya a hankali, ka zuba ido: launuka za su taho suna rarrafe zuwa baki, na busasshiyar ciyawa a wajen digiri 230, shunayya wajen 280, shuɗi wajen 300. Da launin da kake so ya iso bakin, ka sanyaya. Karo na farko da mutum ya ga launukan nan suna tafiya a kan ƙarfen da ya ƙera da hannunsa, ba ya mantawa.

Rabin da ake mantawa: fensir, yumɓu da lissafi

A nan ne masu koyo da yawa suke tsayawa su zama ƙwararrun masu duka kawai. Sayi littafin zane tun ranar da ka fara riƙe masaɓa, ka riƙa zane kullum ko na minti 20 ne. Zana abin da ke gabanka, ba abin da ke kanka ba: yadda reshe ke fita daga jikin itace yana sirancewa, yadda ganye ke murɗewa in ya bushe, naɗin katantanwa, ƙahon dabba. In ka ga tsohon aikin ƙarfe, kada ka tsaya a ɗaukar hoto. Zauna ka zana shi, domin sai kana zanawa za ka lura da inda aka haɗa, da abin da aka fara yi, da abin da ya zo ƙarshe. Ka koyi kallon sararin da ke tsakanin sanduna, domin a ragar taga ko ƙyaure, fankon da haske ke bi shi ne rabin zanen.

Naɗin katantanwa na ƙarfe shi ne jarrabawar ido. Mai kyau yana buɗewa a hankali ba tare da wuri miƙaƙƙe ko kwana ba, kuma tsinin da ke cikinsa yana sirancewa tare da naɗin. Zana shi da alli a kan farantin ƙarfe, daidai girman da zai fito, ka riƙa ɗora aikin a kai yana da zafi kana gwadawa.

Yumɓu mai laushi abokin karatu ne da ba ya ƙona hannu. Ƙarfe mai zafi yana tafiya kamar yumɓu, saboda haka kafin ka ɓata gawayi a kan ganye ko kan dabba, mulmula sandar yumɓu daidai kaurin ƙarfenka, ka yi aikin da kayan da za ka yi amfani da su a wuta, ba da yatsu ba. Nan take za ka ga wane mataki ya kamata ya riga wane.

Lissafin ba shi da yawa, amma ba a tsallake shi. Maƙeri ba ya rage ƙarfe, matsar da shi yake, don haka dole ya san nawa zai yanka. Tsini mai kusurwa huɗu yana cin sulusin tsawonsa ne: in kana son tsini mai milimita 90, milimita 30 na sandar za ka ware masa, ka ƙara ɗan abin da ɓawo zai ci. Zobe kuma ana auna shi ta tsakiyar kaurin ƙarfen: faɗin ciki milimita 100 da sanda mai kaurin 10, sai ka haɗa su 110, ka ninka da 3.14, ka sami kusan 345. Nauyi ma haka: kowane ɗan curin ƙarfe mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri giram 7.85 ne, wato sanda mai kusurwa huɗu ta milimita 20, mita ɗaya, ta ɗan haura kilo 3. Wanda bai yi wannan lissafi ba shi ne ke ƙera ƙyauren da zai tumɓuke ginshiƙinsa.

Ina za a koya?

Hanya uku ce, kuma mafi yawan waɗanda suka yi nisa sun haɗa aƙalla biyu.

Ta farko ita ce zama a hannun maigida. Philip Simmons na birnin Charleston a Amurka ya shiga maƙera yana ɗan shekara 13, a 1925, kuma kafin rasuwarsa a 2009 ya bar ayyukan ƙarfe sama da 500, ƙyamare da shingaye da ragar tagogi. A Jamus an mai da wannan hanya tsari na hukuma: shekara uku da rabi, tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a, sannan jarrabawa. Wasu bayan sun gama sukan ɗauki tsohuwar al'adar yawon neman ƙwarewa, shekara uku da kwana ɗaya suna aiki daga wannan maƙera zuwa waccan. A Faransa ƙungiyar Compagnons du Devoir na zagayawa da matasa gari-gari a hannun gwanaye daban-daban, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan tsarin koyo cikin gadon al'adun duniya. Hikimar da ke ciki a fili take: maigida ɗaya hanya ɗaya ya sani.

In za ka zaɓi maigida, dubi aikinsa, amma ka fi duba yaransa. Wanda ya shekara biyu a wurin, me yake iya yi shi kaɗai? In har yanzu shara da gugar walda kawai yake, kai ma abin da ke jiranka ke nan. Ku yi magana a fili tun farko: shekara nawa, me za a koya maka, akwai lokacin da za a bar maka wuta ka yi naka? Shara da zuga da ɗaukar kaya duk cikin koyo suke, muddin ba su ne koyon gaba ɗaya ba.

Ta biyu makaranta ce. Kwalejin fasaha ta Hereford a Ingila tana ba da digiri na shekara uku a kan ƙirar fasaha kanta. Jami'ar Kudancin Illinois da ke Carbondale a Amurka ta daɗe da sashen ƙira, wanda L. Brent Kington ya kafa, har zuwa digiri na biyu. A Suwidin akwai Steneby, ƙarƙashin Jami'ar Gothenburg, inda ake karatun fasahar ƙarfe. Abin da makaranta ke bayarwa wanda maƙera ba ta cika bayarwa ba shi ne damar ɓata ƙarfe a gwaji, da tarihin fasaha, da zaman da za a ajiye aikinka a tsakiya a yi masa suka. Abin da ba ta bayarwa kuwa shi ne sauri. Wanda ya fito da digiri ya kamata ya ƙasƙantar da kai ya yi shekara biyu ko uku a maƙerar wani, ya ga yadda ake gama aiki a ranar da aka yi alkawari.

Ta uku ita ce gajerun kwasa-kwasai da ƙungiyoyi, ga wanda yake da wani aikin ko iyali. Makarantu irin su Penland da John C. Campbell, duk a jihar Carolina ta Arewa, suna yin horo na mako ɗaya ko biyu. Ƙungiyar maƙeran fasaha ta Arewacin Amurka, ABANA, wadda aka kafa a 1973, tana da manhaja mai mataki uku da mutum zai bi a hankali a gwada shi, ta Birtaniya kuma, BABA, an kafa ta a 1978. Akwai tarukan da maƙera daga ƙasashe ke ƙira a bainar jama'a, kamar na garin Stia a Italiya duk shekara biyu, da na Hefaiston a tsohuwar ganuwar Helfštýn ta Jamhuriyar Cek. Bidiyon intanet yana da amfani, ban raina shi ba, amma ba ya ganin yadda ka karkata kafaɗa. Ko sau ɗaya a wata, nemi gwanin da zai tsaya a bayanka ya kalli bugunka.

Kowace hanya ka bi, ka karanci magabata. Dubi shingayen da Jean Tijou ya yi a fadar Hampton Court ta Ingila a shekarun 1690, ka ga inda ganyen ƙarfe ya kai. Dubi aikin Samuel Yellin na Filadelfiya, wanda maƙerarsa ta ɗauki ma'aikata sama da 200 a shekarun 1920. Sannan ka dubi ƙyauren da Albert Paley ya yi wa gidan nunin Renwick a Washinton a 1974, ka ga yadda mutumin da ya fara da ƙirar kayan ado na jiki ya sa sandunan ƙarfe suka yi kamar igiyoyi masu rai.

Daga mai koyo zuwa mai karɓar aiki

Kafin ka ce ka iya, yi ragar taga ƙarama guda ɗaya ba tare da waldar lantarki ba: sanduna su ratsa juna ta huda, kusurwoyi su haɗu da harshe da rami, naɗe-naɗen a ɗaure su da zoben ƙarfe mai zafi ko ƙusar da aka daddale kanta. Ta fito daidai da awon zanenta, ta kwanta a tebur ba ta rawa. Wannan ƙaramin aiki zai tona duk inda kake da rauni.

Bayan haka, koyi waldar zamani da kyau, da injin yanka da na guga, da gudumar inji, domin babu maƙerar da ke ciyar da mai ita a yau ba tare da su ba. Sai dai a koye su bayan hannu ya nuna, ba kafin ba. Gudumar inji tana ninka abin da ka iya, har da kuskurenka. Koyi zanen kwamfuta gwargwadon yadda za ka fahimci masu zanen gine-gine, kuma in za ka yi makarin bene ko matakala, nemi dokar gini ta inda kake game da tsayi da tazarar sanduna, domin ran yaro na iya rataya a kan wannan awo.

Ɗauki hoton kowane aiki a haske mai kyau, har da na kusa da ke nuna mahaɗa, domin da wannan kundin makaranta za ta ɗauke ka, da shi mai gida zai ba ka aiki. Rubuta awannin da kowane abu ya ci, tun daga zane har kafawa. Sababbin maƙera kusan duk suna karya wa kansu farashi, saboda suna ƙirga lokacin wuta su manta da na awo da guga da fenti da ɗauka. Samfuri ma a yi shi kafin babban aiki: ƙera yanki ɗaya cikakke, mai aikin ya riƙe a hannu ya amince, sannan a yanka sauran ƙarfe.

Gamawa fanni ne da ake koya daban. Abin cikin ɗaki ya wadatu da burushin waya da kakin zuma ko mai a shafa yana da ɗumi. Na waje kuwa sai an kankare ɓawon tas, a yi masa rigar tutiya ko fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan fentin sama. Kuma bayan ruwan sama na shekara guda ya dake shi, koma ka duba ƙyauren da ka kafa, da littafinka a hannu. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashin sandar ƙasa, da cikin naɗe-naɗen, da bayan zobban ɗauri. Duk inda ka ga jan tsatsa ya fara, ruwa ne ke kwana a wurin. Zana wurin, ka rubuta, a aiki na gaba ka karkata shi ko ka huda masa mafita.